Abin da Ke Sa Shuka Bin Haske

Shukar da aka ajiye kusa da taga ba ta daɗewa sai ta karkata wajen haske. A shekarar 1880, Charles Darwin da ɗansa Francis a Ingila suka rufe kan tsiron ciyawa da 'yar hular da haske ba ya ratsawa, sai tsiron ya daina karkata. Da suka rufe ƙasan karan kawai, ya ci gaba da lanƙwasawa. Ashe kan ne ke jin haske, ya aika saƙo ƙasa. Daga baya aka gano saƙon wani sinadari ne mai suna oksin, wanda ke taruwa a ɓangaren da ke inuwa, ya sa ɓangaren ya fi miƙewa, dole karan ya lanƙwaso wajen rana.

Wannan ya shafi manomi kai tsaye, domin shukar da ta cunkushe kan ƙarar da ƙarfinta wajen tsere wa inuwar 'yar'uwarta. Wani zai ce ai gero mai cunkoso ya fi saurin tsayi. Gaskiya ne, amma a duba karansa: siriri ne, ganyen ƙasa ya yi ɗorawa, iskar damina na kaɗawa sai ya kwanta, zangarniyarsa kuma ƙarama. Wani kuma zai ce wake na yi a ƙarƙashin dawa. Yana yi, amma inda aka bar tazarar da rana za ta ratsa. Don haka a lokacin noman fari, a rage tsiro a kowane rami, a bar biyu ko uku masu ƙwari.