Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Jawabina Ga Matasanmu Masu Shirin Tafiya Gamboru



Iyayenmu da ke wurin nan, shugabannin mazaɓu, 'yan uwana matasa maza da mata, barkanmu da wannan zama. Yau ba maganar zaɓe na zo da ita ba, ba kuma rabon muƙami ba. Maganar rai ce. A cikinmu akwai direbobi, akwai yaran mota, akwai masu bin fatake, akwai waɗanda iyayen gidansu ke tura su da kaya. Tun da rayuwa ta yi tsada, da yawa sun fara hangen gabas: Gamboru, Fotokol, Kusiri, har Njamena. Tambayar da ake yawan aiko mini ta waya ita ce, "Shugaba, wai Gamboru lafiya lau ne yanzu? In tafi ko in haƙura?"

To, jama'a, duk wanda ya amsa muku wannan tambaya da kalma ɗaya bai yi muku adalci ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Da farko mu san garin. Gamboru da Ngala tagwayen garuruwa ne a Jihar Borno, kusan kilomita 140 gabas da Maiduguri. Kogin El Beid ne ya raba su da Fotokol ta ƙasar Kamaru, gada ce kawai a tsakani. In ka haye gadar nan ka miƙe, sai Kusiri, daga Kusiri kuma ka haye zuwa Njamena, babban birnin Chadi. Hanya ce mai tsohon tarihi. Kakanninmu da suka tafi aikin Hajji a ƙasa ta yankin nan da yawansu suka ratsa, suka wuce Chadi har Sudan, inda jikokinsu ke zaune har gobe. Shanu da busasshen kifi na shigowa ta nan, kayan masarufi na fita ta nan. Saboda haka matashin da ya ce zai je Gamboru neman halaliyarsa ba hauka yake yi ba. Akwai kuɗi a hanyar.

Amma akwai jini a hanyar, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar 5 ga Mayu 2014 'yan Boko Haram suka auka wa Gamboru da rana tsaka, kasuwa na ci. Sun kashe mutum sama da 300, sun ƙone kasuwa da motoci da gidaje. A watan Agusta na shekarar suka ƙwace garin ɗungurungum, har sojojinmu kusan 480 suka tsallaka Kamaru. A farkon Fabrairu 2015 sojojin Chadi suka hayo gadar suka kore su, amma washegari maharan suka zagaya suka shiga Fotokol suka kashe mutane da dama, har a masallaci. Ku riƙe wannan da kyau: tsallaka gada bai sa mutum ya tsira ba. Wutar ba ta san iyakar ƙasa ba.

Daga baya sojojin Najeriya suka sake karɓe garin a 2015, aka buɗe hanyar Maiduguri zuwa Gamboru a 2016 tare da rakiyar sojoji. Mutane suka koma, kasuwa ta farfaɗo. To, abin ya wuce ke nan? Ranar 6 ga Janairu 2020 wani abu ya fashe a kan gadar nan ta El Beid, daidai inda masu saye da sayarwa ke cunkoso. Rahotanni sun sha bamban kan adadi, wasu sun ce mutum 30 ne suka rasu. Kwana goma sha biyu bayan nan aka kai hari sansanin ma'aikatan agaji da ke Ngala. A watan Maris 2025 aka kai wa sojojin Kamaru hari a Wulgo, nan kusa da Gamboru, aka kashe sama da goma. Ranar 28 ga Afrilu 2025 kuma motoci suka taka nakiyar da aka binne a hanyar Rann zuwa Gamboru, mutum 26 suka rasu, da mata da yara a cikinsu. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Ban karanto muku wannan don in tsinka muku zuciya ba. Na karanto ne don in kun lura za ku ga haɗarin yana da kamanni, yana da wuraren da ya fi so. Na farko, hanya, musamman wadda sojoji ba su riga sun bi sun duba ba. Na biyu, cunkoso: kasuwa, tasha, bakin gada. Na uku, dare. Wanda ya gane ukun nan ya rage wa kansa haɗari mai yawa, ko da yake kariya ta Allah ce.

Mu ɗauki lokaci tukuna. Daga Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 600 ne. Kun tuna Auno? Ranar 9 ga Fabrairu 2020 matafiya suka iso ƙauyen nan na hanyar Damaturu bayan an rufe ƙofar shiga Maiduguri, suka kwana a cikin motocinsu a bakin titi. Da dare aka zo aka ƙone su, mutum 30 ko fiye suka rasu. Laifinsu ɗaya, yamma ta yi musu a hanya. Don haka direban da ya tsaya jiran cikon fasinja biyu har hantsi ya dubi ludayi, ka sauka daga motarsa. In ka ga rana ta karkata kana Potiskum ko Damaturu, kwana a nan. Kuɗin masaukin dare ɗaya bai kai kuɗin likkafani ciwo ba.

Sai hanyar Gamboru ita kanta. Daga tashar Muna a Maiduguri ake tashi, a bi ta Mafa, a bi ta Dikwa, sannan Gamboru. Ka bi ayarin da sojoji ke rakawa, ka tsaya a layinka. Wallahi na san halinmu, matashi da sitiyari a hannu ba ya son ganin ƙurar wani a gabansa. A wannan hanya ka haɗiye wannan hali. Kada ka wuce ayari, kada ka sauka daga sawun tayar da ke gabanka don kauce wa rami, don a gefen hanya da wuraren da kwalta ta mutu ake binne nakiya. Kada wani ya ruɗe ka da cewa ya san yanke ta daji. In an ce yau babu tafiya, to babu tafiya, ko da tumatir ne a motar. Sauri ya haifi nawa. Sannan ku lissafa da damina: ƙasar yankin baƙar laka ce, in ta sha ruwa mota kafewa take yi, kuma motar da ta kafe a dajin nan ba lalacewar kaya ce kaɗai matsalarta ba. Garin Rann ma in ruwa ya sauka sosai kusan yankewa yake daga sauran gari.

Na uku, kuma wannan shi ne kan maganata: wa zai karɓe ka? Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari. A da, bafatake ba ya shiga gari sai yana da mai masauki, wanda zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in rigima ta tashi. Wannan tsari na iyayenmu shi ne babbar garkuwarka a Gamboru. Gari ne na Barebari da Shuwa da Kotoko da Hausawa, kowa ya san kowa, kuma mutane ne da suka ga bala'i da idonsu. Baƙuwar fuska in ta shigo, soja zai dube ta, ɗan kato da gora zai dube ta, mai shayi ma zai dube ta. Ba ƙiyayya ba ce, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. In aka tare ka aka ce wurin wa ka zo, ya zama kana da suna da lambar waya da unguwa, kuma mutumin ya san da zuwanka. In ba ka da wannan, ɗan uwa, tafiyarka ba ta nuna ba tukuna. Mai masaukin nan shi zai gaya maka abin da babu shi a rediyo: ƙarfe nawa ake shiga gida, wace unguwa ba a bi da yamma, yau gada a buɗe take ko a rufe.

Na huɗu, abin da ke cikin motarka da aljihunka. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko waye ya ba ka. Man fetur a jarkoki, takin zamani samfurin yuriya, ƙwayoyi, duk abubuwa ne da jami'an tsaro ke sa wa ido a yankin, don suna iya ƙarewa a hannun mutanen daji. Yaron mota da ya karɓi dubu biyar don ya ɗora buhun da bai san cikinsa ba yana iya ƙarewa a tsare da tuhumar da ba a fita cikinta da sauƙi. Kada ka ɗaga waya kana hoton shingen sojoji ko gada don ka sa a TikTok. Kuma don Allah a daina sanar da duniya a Facebook cewa "gobe in sha Allah sai Gamboru". Ka gaya wa mahaifiyarka, da matarka, da mutum ɗaya da za ka riƙa kira a kowane zango, saboda akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa. In ka dawo lafiya ka yi ta sa hotunanka.

Na biyar, tsallakawa. Da yawa ba su san Kamaru ba ta cikin ECOWAS ba, haka ma Chadi. Yadda ka saba shiga Maraɗi ta Jibiya ba haka abin yake a can ba. Ka tafi da fasfo ɗinka mai rai, da katin rigakafin cutar shawara, ka bi ta hannun jami'an shige da fice a buga maka hatimi. In rani ya yi kogin kan janye, za ka ga masu ratsawa ta ƙasa, wani ya ce zo mu bi nan, ya fi sauri. Shi ɗan gari ne, an san shi. Kai in jandarmomin Kamaru ko sojojinsu na BIR suka kama ka ba takarda, ba Faransanci, a yankin da ake yaƙi, me za ka ce musu? Ka canji sefarka a hannun ɗan canjin da mai masaukinka ya sani, kada ka tsaya kana ƙirga kuɗi a bakin gada. Ka gama abin da ya kai ka wurin cunkoso, ka bar wurin.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu 'yan siyasa. Akwai wata cuta da ta kama mu a soshiyal midiya. In namu ne a kan mulki sai mu ce ko'ina lafiya lau, an gama da 'yan ta'adda. In ba namu ba ne sai mu ce ko'ina wuta ce, ko Maiduguri ba a shiga. Duka biyun suna da illa. Na farko yana tura yaron mutane cikin daji da daddare da zuciya ɗaya. Na biyu yana kashe kasuwar bayin Allah da suka koma garinsu suna neman tashi. Nakiya ba ta tambayar katin jam'iyya. Ina roƙon duk mai rubutu a shafin nan, in maganar tsaron hanya ce, a ajiye hular siyasa a faɗi abin da aka tabbatar. Labarin da ba ka san tushensa ba kada ka tura.

Siyasar da ta dace a nan ita ce mu matsa wa masu mulki lamba, ko na wace jam'iyya ne. A gyara titin Dikwa zuwa Gamboru, don kwalta mai kyau tana wahalar da mai binne nakiya. A ƙara wa sojoji kayan gano abin da aka binne. A ƙarfafa rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi, musamman tun da Nijar ta sanar da ficewarta a watan Maris 2025. Wannan hanya abincin Kano ce kamar yadda take abincin Borno.

Wani zai ce, Shugaba, ai kwana in ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi. Gaskiya ne. Amma addinin da ya koya mana haka shi ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kuma tsoro na daji ne, kunya ta gida. In ka duba ka ga ba ka da mai masauki, ba ka da takardu, ko an ce hanya ba daɗi a makon nan, ka fasa. Uban gidan da zai kore ka don ka ƙi bin dare, ka zo ka same mu, mu je mu yi masa magana da girmamawa. Wanda kuma ya cika sharuɗɗan nan, ya nemi albarkar iyaye ya tafi neman arzikinsa.

Abu ɗaya nake so mu tashi da shi yau. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan, direba ne ko ɗan kasuwa, ya tsaya bayan addu'a ya ba sakatare sunansa. Mu haɗa su da ƙannenmu masu shirin tafiyar farko, kada wani ya tafi shi kaɗai.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya. Allah Ya zaunar da Borno da ƙasarmu baki ɗaya.