Jawabi Kan Ciyar da Gona da Ganyen Wake



Dukanmu daga Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa mun san halin ƙasarmu. Yawancinta jigawa ce, ba ta riƙe taki, damina kuma gajeriya ce. Kakanninmu sukan bar gona ta huta shekaru. Mu yau an raba gado, gonaki sun ƙanƙance, ba wurin hutu. Takin zamani kuma tun 2022 ya fi ƙarfin talaka. Gonar da ta gaji ita ce wuta-wuta ke cinyewa, gidan da hatsi bai kai ba kuwa shi ke tura samari cirani.

Akwai taimako a cikin abin da muka saba shukawa. Ku tuge wake ko gyaɗa, za ku ga 'yan ƙulu-ƙulu a saiwa. A ciki akwai ƙananan halittu masu ɗebo naitirojin daga iska, sinadarin da muke saye a buhun yuriya. In aka fasa ƙulun aka ga ja-ja, aiki yana tafiya. Gawo ma ɗan gidansu ne, shi ya sa gero yake kyau a ƙarƙashinsa.

Ga abin da muke roƙo. Na ɗaya, mu riƙa juya shuka: inda gero ya zauna bana, baɗi a sa wake, gyaɗa ko waken suya. Waken suya yakan sa irin wuta-wuta ya tsiro ya mutu don bai sami hatsin da zai kama ba. Na biyu, mu gwada tsarin da masu bincike na IITA a Kano suka yaɗa, kunya 2 na hatsi, kunya 4 na wake. Na uku, kowa ya keɓe ɗan yanki mafi gajiya, ya shuka wake da kauri, ya sa ɗan takin supa, ya binne ganyen ɗanye da garma lokacin da ya fara fure, ƙasa tana da laima.

Mun sani harawa kuɗi ce, dabbobi ma suna jira. Wanda ya yanka harawa ya bar saiwar a ƙasa, ya mayar da takin dabbobin gonar.

Dattawa, ku zaɓi gona guda a kowace ikilisiya a gwada bana, a nemi shawarar malaman gona na JARDA. Da kaka mu auna damman da aka samu.

Allah ya ba mu damina mai albarka.