Jawabin Sakataren Liman a Ranar Aza Harsashin Ginin Masallaci

 

Ba mu rushe tsohon masallacinmu da son rai ba. Shekara da shekaru muna yi masa yaɓe kafin damina, amma tun da aka cike kududdufin da ke bayansa aka ɗora shaguna, ruwa ya rasa hanya sai gindin bangonmu. Azara ta fara saki, kuma jama'a ta yi yawa har sahu yana fita kan titi.

Kowa yana ganin yadda Kano take sake kama. Inda da gonaki ne yanzu benaye, inda mahaɗa ce yanzu gadar sama. A 2010 Ƙofar Na'isa kanta an rushe ta don faɗaɗa hanya, aka maye ta da ta siminti. Badala kuwa kullum ana gutsure ta. Canji dai ba baƙo ba ne a garin nan: babban masallacin Juma'a, wanda asalinsa tun zamanin Muhammadu Rumfa, an sake gina shi da kayan zamani a mulkin Sarki Abdullahi Bayero. Abin da ke damunmu shi ne gaggawar magina na yau. Sai a tashi bulo, a kifa kwano ƙasa-ƙasa, a toshe da gilashi, ranar da babu wuta a watan bazara liman da mamu kowa yana jiƙe da gumi.

Magabata sun fi mu sanin rana. Wanda ya taɓa shiga masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya ga bakan gizo da kaurin bango, ya kuma ji sanyin da babu fanka a ciki.

Saboda haka muka daɗe muna ja da mai zanen gini, har ya so ya gaji da mu. Mun amince da rodi da kankare, amma rufin zai yi tsawo, tagogi su fuskanci juna, a kuma fara da magudanar ruwa kafin a yi maganar hasumiya. Waɗansu sun so hasumiya biyu. Mun ba su haƙuri, wurin alwala da sashen mata sun fi zama dole.

Abin da ke hannu zai kai mu linta ne kawai, siminti kuwa ba ya jiran kowa. Muna roƙon waɗanda suka yi alkawari su cika kafin ruwa ya sauka. Littafin shiga da fita yana wurinmu, duk mai son dubawa ya same mu bayan sallar La'asar. Allah Ya jiƙan waɗanda suka gina na farko, amin.