Ganuwar Rabe a Dikwa: Ginin da Ya Ga Tutoci Huɗu

 Yau Dikwa za mu nufa, a Jihar Borno, kan hanyar Maiduguri zuwa Gamboru Ngala, kusa da iyakar Kamaru. A can ganuwar Rabe take.

Wane ne Rabe? Mutumin Sudan ne, ya yi aikin soja a rundunar Zubairu Rahama, babban dillalin bayi. Daga baya ya ja tasa rundunar zuwa yamma. A 1893 ya ci Borno da yaƙi, ya ƙone Kukawa, ya mai da Dikwa hedkwatarsa, ya gina wannan sansani. Mulkinsa bai wuce shekara bakwai ba. Ranar 22 ga Afrilu 1900 Faransawa suka kashe shi a Kusseri. Kwamandansu Lamy ma a wannan yaƙin ya mutu, shi ya sa aka riƙa kiran N'Djamena da Fort Lamy har zuwa 1973.

To, kun ga abin mamaki: ginin yana nan inda yake, iyaka ce ta yi ta yawo a kansa. Bayan Rabe, Dikwa ta faɗa hannun Jamusawa. A yaƙin duniya na farko Ingilishi suka karɓe ta. Sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta zama Najeriya sosai. A 2014 kuma Boko Haram suka mamaye garin, sojoji suka ƙwato shi a 2015.

Na san wani zai ce, "Rabe fa azzalumi ne, ya kama bayi, ya tatsi talakawa, me ya sa za mu damu da gidansa?" Gaskiya ne ya yi zalunci. Amma kakannin mutanen Borno ne suka sha wannan azaba, kuma katangar shaidarsu ce. In ta rushe, da me za mu nuna wa ƙannenmu?

Ginin ƙasa ne, duk daminar da ba a yaɓe shi ba sai ta ci rabonta. Kula da shi haƙƙin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ne, mu matsa mata. Matasan Dikwa, ku ɗauki hotuna, ku naɗi muryar dattawa da wayoyinku tun suna raye. Sai mun haɗu a shiri na gaba.