Imanin Gado Da Imanin Zuciya: Tambayar Wani Masani Daga Danmak

 

Yau za mu ɗan taɓa tunanin wani masanin falsafa ɗan ƙasar Danmak mai suna Soren Kirkegad. An haife shi a birnin Kofenhagen a 1813, ya rasu a 1855 yana da shekara 42. Kirista ne, amma tambayar da ya yi ta shafi duk mai addini.

A zamaninsa kusan kowa a Danmak Kirista ne tun daga haihuwa, cocin kuma na gwamnati ne. To, sai ya tambaya: wanda ya tashi ya tarar da addini a gida, bai taɓa rasa komai dominsa ba, yaushe addinin ya shiga zuciyarsa? A 1843 ya rubuta littafi kan Annabi Ibrahim da umarnin yanka ɗansa, bisa yadda Baibul ya kawo ƙissar. Abin da ya lura shi ne, babu taron jama'ar da zai ɗauke wa Ibrahim wannan nauyi. Shi kaɗai ya amsa.

A 1846 kuma ya soki zamaninsa. A ganinsa mutane sun iya nazari da muhawara, amma zafin zuciyar da ke sa mutum ya tashi ya aikata ya mutu. Kowa ya laɓe a bayan "jama'a sun ce". A shekarar nan wata jaridar barkwanci ta sa shi gaba da zane-zanen ba'a, har ya zama abin dariya a titi. Kun ga ya san cizon taro a jikinsa.

To mu fa? Zaman baƙunci ya koya mana haɗa kai, kuma ƙungiya garkuwarmu ce. Sai dai akwai haɗari. Mutum kan ɗaga hannu a taro don ya ga kowa ya ɗaga. Yaranmu kan bi sahu don kunyar unguwa, ranar da suka tafi makaranta nesa kuwa, shi ke nan.

Saboda haka mu koya musu dalilin abin da muke yi, mu ba su damar tambaya. Mu ma in an kawo shawara, kowa ya faɗi abin da ke ransa ko da shi kaɗai ne, in ya yarda kuma ya sa hannu a aikin. Ranar hisabi ai ba da katin ƙungiya za a kira mu ba.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.