Me ya sa murya ke rigan hoto a Kdenlive?

Yau da masu tace bidiyo nake, daga Yauri har Wara da Shanga. Yawancinmu Kdenlive ko Shotcut muke riƙe da su, tunda kyauta ne. To amma ka ɗauko Rigata da waya, ka zuba a kwamfuta, sai murya ta riga hoto, wani zubin ma manhajar ta rufe kanta.

Waya ba ta tsayawa kan adadin hotuna ɗaya a daƙiƙa: yanzu 30, haske na raguwa ta sauko. Ni dai sai HandBrake ya tsayar mini a 30 kafin in fara yanka, kuma duk minti biyar ina adanawa. Amarya fa ba za ta sake zaman biki don kai ba.

Sai mako mai zuwa.