Yadda Ciyawa Ke Gadon Ƙarfin Amfanin Gona

Yau zancenmu a kan barbara ne, amma ba ta shanu ba, ta tsirrai.

Kun san shibra, wadda ke fitowa cikin gero a Nijar da arewacin Najeriya, ta kakkaɓe ƙwayarta ƙasa tun kafin girbi. Asalinta barbara ce tsakanin geron gida da na daji: iska ke ɗaukar bununin wannan ta kai wa wancan. To, ta wannan hanyar ma ciyawa kan iya samun ƙarfin jure maganin feshi.

Ga abin da ya faru a Amurka. A 2002 aka fara sayar da irin shinkafa mai suna Clearfield, wanda jami'ar jihar Luwiziyana ta samar, kamfanin BASF kuma ya kai shi kasuwa. An yi shi ne don a fesa magani, jar shinkafa mai fitowa kamar ciyawa ta mutu, ta gona ta tsira. Amma fa su biyun 'yan uwa ne. Cikin 'yan shekaru aka ga jar shinkafar da magani ba ya kashewa, domin ta gaji halin daga ta gona. Hakan ya sake faruwa a Barazil da Italiya da Malesiya. Ku lura, ita shinkafa ba kasafai take barbara da wata ba, amma hakan ta faru. Ina ga gero, da iska ke yawo da bununinsa? Dawa mai jure magani ma tuni ana sayar da irinta a Amurka da Ajantina, ga danginta na daji cike da dazukanmu.

Alhaji ɗan kasuwa, buhun irin da ba ka san asalinsa ba, kada ka ƙetara da shi a matsayin iri. Hatsin ci daban, na shuka daban.

Malam makiyayi, ƙwayar ciyawa tana bin kashin shanu da kofato daga fadama zuwa fadama. In ka ga gonar da aka fesa, ciyawa ta ƙi mutuwa, ka gaya wa mai gonar ko malamin gona, a tuge ta kafin ta yi 'ya'ya. In ta yawaita, manomi ƙara feshi zai yi, kuma ragowar gonar nan ita ce abincin dabbarka da rani.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu damina mai albarka.